Gwangwanin Madara a Teburin Intabiyu

Duk shekarun da na yi ina duba aikin ɗalibai masu koyon ba da shawara, ban taɓa mantawa da ranar da Kangyang ta dawo daga intabiyu ta tsaya a ƙofar ofishina kamar kazar da ruwan sama ya daka ba. Tunda ku ma saura wata biyu ku gama, kuma na ga kowa ya fara kakkaɓe takardunsa, bari in ba ku labarin. Sunanta na canza shi. Shi kuwa mutumin da abin ya shafa, da bakinsa ya ce in riƙa faɗa wa ɗalibai.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, a kowace shekara cibiyarmu da ke nan Jos tana zaɓar 'yan kaɗan daga masu digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, ta riƙe su shekara guda suna aiki a ƙarƙashin kulawa. Ana tura su makarantu da asibitoci da ma'aikatu su saurari masu damuwa. Kowace Juma'a da safe ɗalibi zai zauna da mai duba aikinsa ya kawo matsalar da ya tarar, amma ba suna, ba unguwa, ba wurin aiki. Akwai kuma ƙa'idar da ta fi ba 'ya'yanmu wahala: in ka haɗu da wanda ka taɓa saurara a cikin mutane, ba za ka nuna ka san shi ba sai in shi ya fara. Ku duba fa, yarinyar da aka raina da durƙusa wa manya, a ce ta ga dattijon da ta sani ta yi masa kallon baƙo. Watanni ukun ƙarshe kuwa na neman aiki ne, kuma nan ne fagena.

Ni 'yar talla ce tun asali. A Titin Bauchi na tashi, da farantin masa a ka kafin in tafi makaranta. Mahaifiyata takan ce masar da ba a yi mata kira ba a faranti take kwana. Da wannan karatun na shigo aiki, da shi kuma nake cika wa ɗalibai kunne: ku tallata kanku, ku buɗe baki, ba wanda zai shiga cikinku ya ga abin da kuka iya.

Sai Allah ya haɗa ni da Kangyang. 'Yar Kabong ce, mahaifiyarta na sayar da kabeji da karas, ita ce babba a gidansu. Ban taɓa ganin mai sauraro irinta ba, amma in ka ce ta yi maganar kanta, sai ka ce haƙori za a cire mata. Malama Shiru nake ce mata, ita kuma ta yi murmushi ta ce, "Mama, ai kin yi magana na mu biyu."

A tsakiyar shekara aka tura ta Kuru, wurin wani kwas da aka shirya wa manyan ma'aikatan da ritaya ta gabato musu. Aka ba ta ɗaki da kujeru biyu. Kwana huɗu ba wanda ya leƙo, don babban mutum ba ya son a gan shi yana shiga ɗakin shawara. A rana ta biyar wani ya shigo wai yana neman inda zai sa cajin waya. Wayar ta cika, shi bai tashi ba.

Abin da ta kawo mini ranar Juma'a ke nan. Mutum ne da ya kusa cika shekara talatin da biyar yana aiki. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa. Barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga. Ya ce mata ranar da aka karɓi makullin ofis daga hannunsa, ko kare ba zai gaishe shi ba. Ya yi kuka a gabanta, irin kukan da namiji ke yi yana ba da haƙuri. Bayan kwas ya ƙare suka ci gaba da haɗuwa a ɗakin duk ranar Laraba. Ta lura muryarsa ba ta sakewa sai in ya zo kan bishiyar fiyar da mahaifinsa ya dasa a ƙauye. Rannan ta tambaye shi, "Baba, in ka ci fiya, ina kake jefa ƙwallon?" Daga wannan tambayar ya fara tsirar da ƙwallon fiya a gwangwanin madara. Kafin wata uku barci ya dawo, har yana ƙorafin rana ba ta isarsa.

Da na ji wata hukumar gwamnati na neman mai ba wa ma'aikatanta shawara, gurbi ɗaya tak kuma na dindindin, na ce shi ke nan, kakarmu ta yanke saƙa. In ta samu, ƙannenta sun huta. In ta rasa, sai komawa koyarwa a makarantar kuɗi inda ta fito. Na san tambayar da ba ta taɓa ɓacewa a irin wannan intabiyu: ba mu labarin aiki mafi wuya da kika yi. Sati biyu ina horar da ita. Na zauna kamar ni ce ciyaman na kwamitin intabiyu, na ɗaure fuska, na sa ta maimaita labarin har ya zauna mata. Ba suna, ba ma'aikata, ƙa'ida ta cika. Har ina buga tebur ina cewa, "Kada ki kuskura ki manta da gwangwanin madarar nan, shi ne gishirin labarin!" Na ƙara mata da cewa wata ƙawata tana cikin kwamitin, mace ce mai son labari mai daɗi.

Ranar Talata ce, cikin damina. Wajen azahar na gan ta a ƙofa, takalmi a jiƙe.

"Yaya? Sun yi tambayar?"

"Sun yi, Mama."

"Alhamdu lillahi! Yaya suka yi da kika zo kan gwangwani?"

"Ban ba da wannan labarin ba."

Ashe labarin wani ɗalibin sakandare ta ba su, wanda ya rasa zaɓi tsakanin kimiyya da adabi, shi ma tana yi tana inda-inda. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tambaye ta dalili, ta ce ta ga bai dace ba. Na ce me ya hana shi dacewa, ta ce, "Sori Mama, ba zan iya faɗa ba." Ranar na yi faɗa, ba na ɓoye muku. Na ce tsoro ne kawai, na ce ta zubar da abincin da aka kai mata har baki. Tana tsaye tana kallon ƙasa. Da yamma ƙawata ta kira ni ta ce, "Ita ce wadda kike ta kurantawa? Ko gaisuwar kirki ba ta yi wa ciyaman ba, ta gaishe mu a jimlace kamar 'yan layin asibiti."

Sakamako ya fito, ta zo ta uku. A rahotonta na ƙarshen shekara na rubuta da hannuna cewa tana da rauni wajen bayyana kanta. Ta koma koyarwa. Raina ya ɓaci sosai, don ina ƙaunar yarinyar.

Bayan wata huɗu, ina zaune aka yi sallama. Wani dattijo ne dogo, da tsohon kwat da hular sanyi, ya rungumo wani abu a leda. Ya zauna, ya buɗe ledar a hankali, ya ajiye mini gwangwanin madara a kan tebur, da tsiron fiya mai ganye huɗu.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Ya yi dariya ya ce, "Madam, zauna. Na ga kin gane ni. To haka 'yan kwamitin intabiyun nan ma za su gane ni."

Ya ce shi darakta ne a wata ma'aikata, watan da ya wuce ya yi ritaya. Tun da ya fara dashen nan ya addabi kowa da kyauta, daga masinja har kwamishina, har aka laƙaba masa Baba Fiya. Ana gobe intabiyu aka aro shi ya shugabanci kwamitin, don wanda aka sa tun farko ya yi tafiya. Da safen, kamar yadda ya saba, ya ajiye wa sauran 'yan kwamitin su biyu gwangwani ɗaya ɗaya a gabansu. Sai ga Kangyang ta shigo.

"Madam, na yi gumi a cikin sanyin nan. Yarinyan nan ta kalli gwangwani, ta kalle ni, ta wuce da ido kamar ba ta taɓa ganina ba. Da abokiyarki ta yi tambayan, na ce shi ke nan, yau yara na ofis za su ji oga ya yi kuka. Na riƙe kujera. Sai na ji tana maganan wani yaro na sakandare."

Na ce, "To Baba, kai ne ciyaman. Me ka ba ta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce bai ba ta komai ba. In ya ba ta maki mai yawa, ya zalunci sauran. In ya ce ya san ta, sai an tambaye shi a ina. Sai ya ce kansa na ciwo, su biyun su yanke. "Ita ta rufa mini asiri da aikinta, ni na kasa buɗe baki. Wata huɗu abin yana cina. Yanzu na ajiye makulli, kuma kin ga ban mutu ba."

Kunya ta rufe ni. Gishirin labarin da na dage a kansa, shi ne wuƙar da na ba ta ta yanka bawan Allah a gaban abokan aikinsa. Na cire suna na cire ma'aikata na ɗauka na gama, na manta garin nan ƙarami ne.

Baba bai zo da gwangwani kaɗai ba. Ashe kafin zuwansa ya tsaya a taron ƙungiyarsu ta 'yan fansho ya ba da labarinsa da bakinsa, har da kukan. Ya ce daga baya aka riƙa binsa ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsa a asirce ina yarinyar take. Ƙungiyar ta yanke shawarar ɗaukarta kwana biyu a mako, shi ne ya zo neman izinina. Kwana biyun nan ne suka zama biyar. Yau tana da ofishinta a kusa da Kabong, ma'aikatu na gayyatarta ta shirya masu barin aiki, kuma biyu daga cikinku a wurinta kuka yi horo. Ba ta taɓa buga ko katin talla ba. Tsofaffin ne ke yi mata, kuma kalma ɗaya suke faɗa wa juna: je ka wurinta, ba za ka ji a waje ba.

Ranar da na kira ta in ba ta haƙuri, na ce, "Ke kuwa ko ni ba za ki raɗa wa ba? Ni ce fa mai duba aikinki."

Ta yi murmushin nan nata ta ce, "Mama, ƙawarki na cikin kwamiti. Kuma ke... kina son labari."

Na ɗaga fayil zan jefe ta, muka yi ta dariya har hawaye. Gaskiya ta faɗa. Sai na sa aka ɗauko rahotonta daga ma'ajiya, na soke layin nan a gabanta, na sa hannu a gefe.

Har gobe ina ce muku ku tallata kanku, ban tuba ba. Ku gyara takardunku, ku shiga da ƙarfin gwiwa, ku faɗi abin da kuka iya. Amma mahaifiyata masarta take sayarwa, mu kuwa abin da ke kan farantinmu ba namu ba ne, ajiya aka ba mu. Kafin ku ɗauki labarin wani ku shiga da shi neman aiki, ku nemi izininsa, sannan ku tambayi kanku ko za ku iya faɗarsa yana zaune a wurin. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a sana'armu wannan cikin shi ne jari.

Fiyar Baba tana bayan gidana, bana ta fara 'ya'ya. Na farkon da suka nuna, Kabong na aika da su. Na horar da ɗalibai da yawa da suka ci intabiyu, amma in aka tambaye ni wadda na fi alfahari da ita, wadda ta faɗi nake nunawa.