Takaba a Gidan Bakin Tafki

Ni ba mai ilimi ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, kuma Turancin da nake ji a kan sitiyari na koye shi, ina tuƙa tasi a Manchester. Ba don a yi min uzuri na faɗi haka ba. Abin da Baturen da zan ba ku labarinsa ya gaya min na ji shi sarai, babu kalma ɗaya da ta wuce ni.

Wani likita ɗan garinmu da ke aiki a wani asibiti a Oxford Road shi ya fara kai ni wurin. Motarsa ta lalace ana gobe hutun yara, ya ce in kwashe shi da iyalinsa zuwa gidansu na hutu, tafiyar awa ɗaya da rabi arewa da Manchester. Da muka shiga ƙofar unguwar sai na ga na rage gudu ban sani ba. Tafki ne shimfiɗe har gindin duwatsu, tumaki na kiwo a gangare ba makiyayi, ga gidajen katako a jere a bakin ruwa, kowanne da barandarsa. Ba ƙarar bas, ba jiniya. Likitocinmu uku ne ke da gida a wurin, da wani akanta. Da rani sai su haɗu su gasa nama a baranda, 'ya'yansu na guje-guje a ciyawa, matansu na ɗaukar hoto suna turawa gida. A wajen suna ko walima, in ka ji mutum ya ce wannan makon suna tafki, to ya gaya maka matsayinsa ke nan.

Manajan wurin, wani Bature mai fara'a, ya lura ina yawan kawo mutanenmu. Wata rana ya kira ni ofis ya ba ni shayi, ya ce duk wanda na kawo ya sayi gida akwai rabona. Sannan ya gaya min abubuwan da zan sanar da mai saye. Katakon ake sayarwa, ƙasar tasu ce. Wurin na hutu ne, dole mutum ya kasance yana da gidansa na ainihi a wani gari. Kuma kowace shekara, bayan an shiga Janairu, ana rufe ƙofa mako shida, a yanke ruwa, ba wanda zai kwana a ciki. Na ce na gane. Kuma na gane ɗin.

A shekarun nan ne gwamnati ke ta yanke-yanken kuɗin hidimar jama'a. Yayana, wanda ya kawo ni ƙasar nan, yana Birmingham yana tuƙa motar da ke kai tsofaffi wani gidan yini inda ake kula da su. Aka rufe gidan, aka sallame shi da ɗan abin da ya samu. Gidan da suke ciki a Small Heath na council ne, wato na ƙaramar hukuma, ɗaki uku, kuma yara sun tashi: namijin yana aiki a wata ƙasa, macen tana aikin jinya tana zaune a ɗaki ɗaya a saman wani kanti. Sai aka fito da dokar rage tallafin haya ga duk mai ɗakin da ba a kwana a ciki. Yaya ya shiga damuwa, ga ciwon zuciya da likitansa ya ce ya yi hankali da shi. Ranar da na je gaishe shi ya ce min, "Auta, shekara nawa ina biyan haya a ƙasar nan, ko ƙusa ɗaya ba tawa ba ce. Yanzu kuma ɗakin 'ya'yana ya zama laifi."

A nan na buɗe baki na ce akwai wani wuri.

Na ɗauko su shi da matarsa wata Asabar cikin Afrilu. Ni da Hajiya akwai wasan ƙanin miji tsakaninmu tun tana amarya, don haka tun daga babbar hanya ta fara.

"Auta, wai ina za ka kai mu? Ko sayar da mu za ka yi?"

"Wa zai saye ki, Hajiya? Sai dai in haɗa da Yaya a matsayin gyara."

"Ji mara kunya. Alhaji, kana jin ƙaninka?"

Yaya ya ce shi ba ya shiga faɗan miji da mata.

Da muka isa, Hajiya ta shiga kicin tana buɗe durowa tana rufewa, ta tsaya a taga tana kallon ruwa, hannunta a ƙirji. Yaya kuwa waje ya fita, ya fara auna ciyawar da taku, yadda ake auna fili a gida. Ya taka daga baranda har wata bishiya, ya juyo.

"Nawa ya tsaya ina?"

Na nuna bishiyar na ce, "Daga nan zuwa can."

A ofis manaja ya yi bayaninsa da sauri, kamar wanda ya tabbata an riga an yi shi da Hausa. Yaya na jin Turanci fiye da ni, kuma ya tsinci maganar rufewa. Ya juyo gare ni.

"Me ake rufewa?"

"Kanti ne da wurin iyo, in sanyi ya yi."

Aka zo wurin rubuta adireshin gidan ainihi, na ce a sa nawa na Hulme, unguwarmu a Manchester, saboda wasiƙa ba ta zuwa nan da wuri. Manaja ya tura masa takardun ya ce ya je gida ya karanta. Yaya ya ture su da bayan hannu, ya yi dariya, ya ce ƙaninsa ya riga ya duba. A wurinmu, ka zauna kana bin layi-layi a takardar da ɗan'uwanka ya tsaya a kai, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Na san haka, kuma da shi na yi amfani.

Abin da nake gaya wa kaina shi ne akwai lokaci. In sun zauna sun ji daɗin wurin zan faɗa masa a hankali, in ce mako shida ne kawai, su riƙa zuwa Kano ko Umara da sanyi, wa ma ke son Janairun Ingila. Yaya ya zuba kuɗin sallamarsa ya sayi gidan, suka mayar wa council makullin gidan Small Heath. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san makullin council in ya fita daga hannunka, jiran wani sai ka tsufa.

Ba zan ɓoye ba, sun ji daɗi. Yaya ya yi ƙiba. Yana sallar Asuba ya fito baranda da carbi, agwagi su taru a gabansa don ya saba musu da burodi. Ya shuka alayyafo da tumatir a gefen bishiyar nan, ma'aikata suka yanke da injin ciyawa, ya ce min Turawan nan ba su san iyaka ba, in yi musu magana. Na ce to. Hajiya ta saba da wata tsohuwa maƙwabciyarsu har tana kai mata ƙosai. Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa, sau uku ana zuba min tuwo ana sa min albarka, in tashi in koma Manchester da maganar a cikina.

A farkon Disamba Yaya ya faɗi a baranda da hantsi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A Birmingham muka binne shi, inda jama'arsa suke. A wajen zaman makoki Hajiya ta sa aka tambayi malamin masallacinsu inda za ta yi takaba. Ya ce a gidan da take zaune da mijinta, wata huɗu da kwana goma, ba za ta kwana a wani wuri ba. Ina zaune aka kawo amsar. Na lissafa watannin a raina, na ga sun haye lokacin rufe wurin. Amma ni na tuƙa ta zuwa tafki washegari, ita da 'yarta, na sauke musu buhun shinkafa, na ce Allah ya ba da haƙuri, na juya mota.

Har yau in na tuna wannan tafiyar sai in rasa wane irin mutum ne ya yi ta.

'Yar ta koma aiki bayan mako biyu, matata ta karɓe ta. Ita ma matata ba ta san komai ba. Kwana biyu da shiga sabuwar shekara waya ta shigo ina ajiye fasinja. Hajiya ce, kuma ba ta saba kirana da kanta ba tun rasuwar.

"Auta, mutanen nan ina za su? Tun safe kowa ke loda mota. Tsohuwar nan ta zo ta rungume ni, wai sai tsakiyar Fabrairu. Ga wani yana bi gida-gida yana kunce famfo."

Na ce ina zuwa.

Ofis na fara shiga. Na yi wa manaja bayanin takaba da iyakar Turancina: mijinta ya mutu, addininmu ya ce ta zauna a gidanta, saura wata uku da 'yan kwanaki. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya ce ai shi ya sa ya kamata ta koma gidanta. Ya jawo fayil ya karanto min adireshina na Hulme. Na ce nan gidana ne, ɗaki biyu, ni da mata da yara huɗu. Ita ba ta da ko'ina sai nan.

Baturen nan ya cire tabarau ya ajiye. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce tun Afrilu mutanen nan ba su da wani gida? Ya ce ai ya gaya min. Na ce ya gaya min. Bai yi min tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce lasisin wurin bai yarda ko mutum ɗaya ya kwana ba, in ya bar ta za a iya rufe unguwar gaba ɗaya, kuma ba ruwa ba ɗumama, tsohuwa ba za ta kai mako a katakon nan ba. Na ce to in an sayar fa, ta kama wani wuri? Ya girgiza kai. Ya ce irin gidan nan kamar mota yake, daga ranar da aka saya yake raguwa, kuma ba mai saye da sanyi. Ranar Lahadi da azahar za a sa kwaɗo.

Na taka zuwa gidan. Unguwar ta zama kufai, barandu duk an lulluɓe kujeru da leda, ruwan tafkin ya yi baƙi. Matata ta buɗe min, na ce ta tsaya ta ji. Hajiya na cikin ɗaki, ƙofa a ɗan buɗe, ina hango gefen hijabinta kawai. Na durƙusa a tsakar falo na faɗi komai, tun daga shayin ofis. Na faɗi maganar ƙasa, na faɗi adireshi, na faɗi rabon da aka ba ni. Matata ta dafe bango tana salati.

Da Hajiya ta yi magana muryarta ba ta ko rawa.

"Bishiyar nan da ka nuna masa?"

"Ba tasa ba ce, Hajiya."

"Inda ya faɗi fa?"

"Katakon nasa ne. Ƙasan ba nasa ba ne."

"Ya sani kafin ya rasu?"

"Bai sani ba."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Sai kuma ta ce, "Ranar da ka dawo da ni daga makabarta, ka san za a rufe?"

Na ce na sani.

"Ka sauke min shinkafa."

Ta ce ba inda za ta. Su yanke ruwan, su sa kwaɗon, ita mijinta a nan ya bar ta. Matata ta shiga tana kuka tana roƙonta, Hajiya ta ce ko kusa. Sai da 'yarta ta zo washegari ta kira malamin nan a waya, ta ƙara sauti kowa na ji. Ya yi tambayoyi, aka ba shi amsa, 'yar na kallona tana faɗa. Ya ce in an fitar da mace daga gida ba da son ranta ba, lalura ce. Ta koma inda za ta samu aminci ta ƙarasa kwanakinta a can, kada ta sake tashi. Hajiya ta matso kusa da wayar.

"Malam, takabar tawa ba ta ɓaci ba?"

"Ba ta ɓaci ba, Hajiya. Babu laifi a kanki ko kaɗan."

Ta sa ya maimaita. Bai faɗi a kan wa laifin yake ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Ranar Lahadi da hantsi ta fito. Rabonta da taka waje tun ranar da na kawo ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, 'yarta na riƙe da hannunta, ta shiga bayan motata don babu wata motar. Manaja na tsaye a bakin ƙofa da kwaɗo a hannu, ya sunkuyar da kai da muka wuce. Daga tafki zuwa Birmingham awa uku muka yi.

A ɗakin 'yarta ta ƙarasa, a saman kantin nan na Small Heath. Gado ɗaya ne, 'yar ta bar mata ta koma ƙasa. Taga ɗaya, tana kallon tashar bas. Duk Juma'a nakan tuƙo daga Manchester da cefane, in hau benen in ajiye a bakin ƙofa, in yi sallama. 'Yar ce ke amsawa in tana nan. In ba ta nan sai in ji motsi a ciki, in tsaya kaɗan, in sauka.

Ranar da ta fita takaba mata suka taru aka yi sadaka. Aka aiko min da waina a leda ta hannun matata. Na tambaye ta ko Hajiya ta ce wani abu. Ta ce Hajiya ta ce a gaya min ta gama, kwanakinta sun cika, ba ta bar ko ɗaya ba.