Akwatin Malam a Hannun Dama

Makarantar Islamiyyar da ke bayan gidanmu a Daura, mahaifina ne ya kafa ta. Na fara da wannan ne saboda yanzu ba ko'ina ake faɗa ba. A zaurenmu ya soma, da tabarmi da baƙin allo a jikin bango, lokacin yayansa, wato Baffa, yana Sandamu yana noman gero da cinikin tumaki. Sai da aka gina ajujuwan bulo Baffa ya dawo gari ya karɓi darasin fiƙihu. Da Malam, wato mahaifina, ya rasu shugabanci ya koma hannun Baffa, ba wanda ya ce uffan, tunda shi ne babba.

Ni sana'ata haɗa shafukan yanar gizo ce, a Katsina nake zaune. Wata rana babban ɗan Baffa, wanda nake ce wa Yaya, ya kira ni ya ce makaranta na buƙatar shafi, don tsofaffin ɗalibai da suka watsu su riƙa sanin inda aka kwana. Murna ta kama ni kamar an ba ni kujerar Makka. Na zo gida na gaya wa Inna. Ta buɗe adakarta ta zaro hoton Malam, shi ke nan mana a duniya, yana zaune a bakin zaure rawaninsa ya ɗan karkace. Ta ce, "Tafi da shi. Kada ka dawo mini da shi sai ya shiga inda kowa zai gan shi."

Kafin a gina shafi ana zana taswirarsa, yadda magini ke jan layi a ƙasa kafin ya haƙa tushe. Akwai manhajoji a intanet da aka yi don haka. Kowane shafi akwati ne, ka ja shi da 'yar kibiya ka ajiye inda kake so, zare ya haɗa shi da na samansa. Na zana tawa: shafin farko a sama, ƙarƙashinsa karatu, malamai, tarihi. A ƙarƙashin tarihi na jera akwati biyu kafaɗa da kafaɗa, na Baffa da na Malam. Na yi tunani sosai a nan, wallahi na yi. Na sa Baffa a hagu, domin mai buɗe shafi daga hagu idonsa ke farawa. Babba a gaba, ƙane a baya, ko da ƙanen ne ya aza tubalin farko. Na tura wa Yaya adireshin taswirar, har na ba shi izinin gyara.

Ranar da aka taru a zaure bayan la'asar don duba taswirar, na ɗora kwamfutar a kan kujera a gaban Baffa. Ya gyara tabarau ya duba, ya daɗe yana dubawa. Na ga idonsa ya tashi daga dama ya gangaro hagu, yadda ya saba karanta littattafansa tun yana yaro.

Ya ce, "To, madalla. Ƙanena a dama, ni a hagu. Ashe haka kuka tsara."

Na ce, "Baffa, ai ku ne a gaba. A boko daga hagu ake farawa."

"Mu ba mu yi boko ba, ɗana. Mu da dama muke ci, da dama muke gaisawa, da ita muke shiga masallaci."

Na ce to bari in juya su, aikin ƙiftawar ido ne. Har na kama akwatin, sai Yaya ya yi gyaran murya. Ya ce idan aka juya, ai duk ɗan boko da ya buɗe shafin Malam zai fara gani, kuma 'yan bokon ne za su fi buɗewa. Yaya ya yi jami'a, ya san sarai abin da na nufa tun farko, amma ya zauna ya kama bakinsa lokacin da mahaifinsa ke yi mini fassarar da ba ita ba. Gaskiyar masu magana, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Na ce a ɗora na Baffa a sama, na Malam a ƙasa. Na haɗiye wannan da ɗaci, don a irin wannan taswira na ƙasa reshen na sama ne, kamar a ce daga Baffa makarantar ta fito. Duk da haka na yarda, in dai hoton zai shiga. Baffa ya miƙe ya ce za su yi shawara. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki, ni ne ban gane ba sai daga baya.

Bayan 'yan kwanaki ina wurin aiki da hantsi, na buɗe taswirar. Manhajar tana nuna kibiyar duk wanda ke ciki tare da kai. Ga ta Yaya tana yawo. Ina kallo ta sauka a kan akwatin Malam, ta ja shi ƙasa, ta mai da shi gefe, ta tsaya jim. Sai akwatin ya ɓace, zaren ya tsinke. Zan iya dawo da shi da danna maɓalli ɗaya, na kuwa dawo da shi. Yaya ya sake gogewa. Muka yi ta haka, manya da mu, ɗaya a Daura ɗaya a Katsina, ba wanda ya ɗaga waya ya kira ɗan'uwansa. Da yamma ya turo saƙo cewa an yanke shawara tarihi ya tsaya a akwati ɗaya, na shugaban makaranta, don guje wa ɓacin rai, kuma sun samu wanda zai ƙarasa aikin. Har yau in na tuna kalmar nan ta ɓacin rai sai in ji zuciyata na tafasa.

Shafin ya fito, ya kuma yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Da na zo gida wata Juma'a, ashe maƙwabciya ta riga ta yi wa Inna albishir. Ta ce in buɗe mata. Ba ta karatun boko, hotuna take bi. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana turawa da yatsa a hankali: ga ajujuwa, ga ɗalibai, ga Baffa a kan kujera, ga zaurenmu an yi masa fenti. Ta kai ƙarshe ta ci gaba da turawa, shafin ya ƙi motsi. Ta koma sama ta sake bi.

Sannan ta miƙo mini wayar, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Kawo mini hotona."