Auta Za Ta Ƙanƙara

Na dawo daga sallar la'asar na tarar da Hajiya tana bakacen dawa a tsakar gidanmu na unguwar Limawa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Alhaji, Auta ya kira. Za su je kankara, wai rami za su tona. Wurin babu waya."

Hajiya 'yar Gbagyi ce daga Beji, a kasuwa ta koyi Hausa, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. Autar tamu kuwa tana karatu a Turai, kan ƙura da yanayi. Ta taɓa shigowa ƙasar nan ɗibar ƙasa a ƙauyuka, ba mu sani ba sai da ta gama. Don haka garin Ƙanƙara na jihar Katsina ne ya faɗo mini a rai, da labarin 'yan bindiga a hanyoyin dajin can.

"Kika bar ta?"

"Ka taba hana shi abu ya hanu?"

Na yi ta kiran Auta, waya a kashe. Tuwo bai shiga ba. Na zauna a Abijan da Khartum, na ratsa hanyoyi marasa kyau, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na fara lissafa tsofaffin abokan aikin jirgin ƙasa da ke Funtuwa, ko akwai mai tare ta.

Da hantsi washegari ta kira ta bidiyo, tana cikin wata jibgegiyar jar riga. Na rufe ta da faɗa. Ta bari na gama, ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, ƙasar ƙanƙara na ce! Can ƙarshen duniya ta kudu. Babu ɗan bindiga, sai tsuntsayen da ba sa tashi."

Hajiya ta leƙo ta kafaɗata. "To ni me na fada? Mai yare biyar, Hausa ya kayar da shi."

Ban musa ba. Bafaranshe yana da suna dabam ga ƙanƙarar da ke zubowa da damina, da ta cikin firji, da mai laushi kamar gari. Mu duk ƙanƙara muke cewa, har muka ba gari sunan.

Auta ta juya wayar ta nuna mini wata ƙanƙara da aka haƙo can a baya aka kawo makarantarsu, doguwa kamar taɓarya. Ta ce a can abin da ya zuba bana ba ya narkewa, na baɗi ya danne shi, shekara kan shekara. Inda ƙura ta yi yawa a ciki, zamanin an yi fari da sanyi da iska mai ƙarfi. Akwai kuma alamar gansakukar teku da iska ta kwaso, ita ke taimaka musu gane iyakar inda teku ya daskare a wancan zamani.

"Gansakuka? Wadda nake kankarewa a randa?" in ji Hajiya. "Ki zo unguwar Kpakungu da damina, kwata cike take."

"Mama, tamu ta girmi kakan kakanki."

Na tambaye ta sanyi, ta ce akwai likita da ɗaki mai ɗumi. Na sa mata albarka, muryata ta dawo daidai. Sai Hajiya ta ce, "Sallah fa?"

Auta ta ce a watannin da za su yi can rana ba ta faɗuwa, ita ma tambayar ke nan da ta so ta yi mini.

Duk yawona ban je inda magariba ba ta yi ba. Na ce ta dakata, kada ta kashe wayar yau. Na ci ɗumame faranti guda, na ɗauki hulata, na nufi gidan liman.