Hannuwan Horace Tibbett

Horace Tibbett kafinta ne a wani kamfanin shirya fina-finai da ke yammacin Landan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ƙera ƙofofin da ba sa shiga ko'ina, da matakalar bene wadda ba bene a samanta. Ƙato ne marar hayaniya, mai manyan hannuwa. Ko gizo-gizo ya tarar a wurin wanka, a kofi yake ɗaukarsa ya kai lambu.

Kullum da safe, kafin matarsa Winnie ta fita zuwa gidan wankin da take guga, shi yake ɗaura mata ƙyallen wuya. Sai ya tsaya a bayanta, ya gyara ƙyallen, ya shafa babban yatsansa sau biyu a ƙasan kunnenta, sannan ya ɗaure. Tun makon aurensu yake yi, kuma ba su taɓa zancensa ba.

A shekarar 1953 kamfanin ya shiga ɗaukar fim a kan wani akawu mai ladabi da ke shaƙe matan da suka amince da shi. Jarumin gwani ne, da ido kaɗai yake sa tsigar jikin mutum ta tashi, sai dai hannuwansa ƙanana ne masu laushi. Darakta ya dube su ya ce ko kaza ba za su shaƙe ba. Aka bi ma'aikata ana duba hannuwa, aka tsaya a kan Horace.

"Kwantar da hankalinka, Mista Tibbett, ba fuskarka muke so ba, hannuwanka za mu ɗauka a madadin nasa," in ji darakta. "Ka zo wa 'yar wasan ta baya. Kada ka yi kamar mugu. Yi kamar kana sonta."

Hanya ɗaya Horace ya sani. Ya tsaya bayan 'yar wasan, ya gyara ƙyallen, ya shafa yatsa sau biyu a ƙasan kunnenta, sannan ya ja. Sau ɗaya aka ɗauka. Darakta ya ce a je a sha shayi.

A wurin shayin abokan aiki suka taso shi gaba.

"Kowa ya rufe wuyansa, ga Horace nan."

"Horace, surukata za ta zo ran Lahadi. Ko za ka ɗan leƙo?"

Shi dai murmushi ya yi, yana tsoma biskit.

Da fim ya fito, ya kai Winnie kallo wata Asabar da rana. Ta sa hularta ta zuwa coci, ta ce in an nuno shi a allo ya zungure ta. Bai zungure ta ba. Da hannuwan suka cika allo, wata mata a bayansu ta yi ƙara. Winnie ko motsi ba ta yi ba.

Sai a cikin bas ta ce, "Wannan na yatsan, wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Cewa aka yi in yi kamar ina..."

"Na gane."

Ran Litinin da kanta ta ɗaura ƙyallenta.

Jaridu kuwa suka yi ta yabo. Suka ce shafar nan ta yatsa ita ce ƙololuwar wasan, alamar jarumin ya shiga zuciyar mai kisa ya fito. Da aka tambayi jarumin, ya amsa cewa lallai ya daɗe yana nazari. Sunan Horace bai fito ko'ina ba, kuma wannan bai taɓa damunsa ba.

Winnie ba ta yi fushi ba. Ta ci gaba da soya masa kifi ran Juma'a, tana yi masa tsiya a kan minsharinsa. Amma ranar da ya manta ya gifta ta bayanta a kicin, ta zabura har kofi ya fashe.

"Winnie, ni ne fa."

"Na san kai ne," in ji ta, tana tsince fasassun. "Wuyana ne bai sani ba. Abu ɗaya muke da shi namu mu kaɗai, ka kai shi wurin aiki."

Shekara goma sha tara, kullum sai ya yi tari kafin ya shiga kicin, don ta san yana tafe. Duk lokacin sanyi sai an nuna fim ɗin a talabijin, shi kuma ranar yakan tuna akwai gyara a rumfar lambu.

Daga baya ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa yatsun Winnie. Safiyar jana'izar yayarta, ta tsaya gaban madubi tana fama da baƙin ƙyalle, yana zamewa. Horace na bakin ƙofa, hannuwa a aljihu.

"Tsohon nan, tsayuwa za ka yi kana kallona har a binne ta?"

Ya zo ta gabanta, ya ɗaure ƙyallen kamar mai ɗaure kaya, bai bar yatsa ya taɓa fatarta ba.

"Ba haka ba," in ji ta. "Kwance. Koma baya."

Ya koma. A madubi ya ga ta rufe ido, kafaɗunta sun ƙage. Ya gyara ƙyallen, ya shafa sau ɗaya ya tsaya.

"Sau biyu ne, Horace," in ji ta. "Yi sauri, mota na jira."