Jan Murfin Kwanon Yayana

Assalamu alaikum Edita. Murfin kwano kawai na sauya. Na ɗauke jan murfi daga kan wani kwano na ɗora a kan wani, aikin da bai kai ƙiftawar ido uku ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau in na ga jan murfi a kasuwa sai gabana ya faɗi.

A lokacin shekarata goma sha biyar, ni ne auta a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Bakina ba ya hutawa. In na ga ƙadangare a bakin kanal, kafin in iso gida ya zama kada, har da yawan haƙoransa. Babanmu manomi ne, shinkafa da damina, alkama da rani. Yayana kuwa, wanda ya girme ni da shekara shida, mahaddaci ne, Allah ya ba shi muryar da ko masu babur rage gudu suke yi in yana karatu a zaure. Matsalarsa ɗaya ce, cikinsa. Ya yi shekaru yana fama da murɗawa da kumburi, yau gudawa, jibi kuma ciki ya ɗaure. Alwala ba ta zama masa, har ya koma sahun baya a masallaci, kusa da ƙofa, don ya samu saurin fita. An yi jiƙe-jiƙe, an sha maganin tsutsa har na ce ko tsutsar maƙwabta ta mutu, ba a dace ba.

Daga baya Baba ya kai shi asibiti a Kano. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce babu gyambo babu tsutsa, hanjinsa ne mai saurin tunzura, kuma irin ciwon nan lallaɓa shi ake yi. Ya rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha kafin cin abinci saboda murɗawar, da wata ta ranar da gudawa ta taso. Ya kuma ce ya gwada barin duk abin da aka yi da alkama na wasu makonni, domin akwai masu wannan lalura da take tayar wa hankali, ya riƙa lura da abin da ya ci da abin da ya biyo baya. Ranar da suka dawo da wannan bayani na yi dariya har na faɗo daga kan buhu. Buhun kuwa na alkama ne. Ɗan manomin alkama, an ce alkama ce abokiyar gabarsa. Gurasa ta haramta, taliya ta haramta, burodi, alkaki, funkaso, duk an yi musu sallama.

Abin mamaki, ya samu sauƙi. Cikin wata biyu ya fara cika, ya matso sahun tsakiya, daga nan sahun gaba. Inna ta sayo kwano mai jan murfi, ta ce wannan na Yaya ne, kada wanda ya kuskura. Wainar gida takan zuba wa ƙullunta fulawa don ta yi auki da laushi, tasa kuwa zallar shinkafa ce, ita ake fara soyawa kafin tamu ta taɓa tanda. In akwai ƙwai ɗaya a gidan, ƙarƙashin jan murfi yake kwana. Ni kuma sai haushi ya fara cina. Na sa masa suna Mai Martaba Sarkin Hanji. A majalisar abokaina nakan ce cikin yayana yana jin ƙanshin fulawa daga Kwanar Dawaki, in motar burodi ta wuce titi sai an riƙe shi. Suna dariya, ina ƙara gishiri. A zuciyata na gama yanke hukunci cewa ƙwayar ce take aiki, zancen alkama kuwa tsoro ne kawai da shagwaɓa.

Ana haka makarantarsu ta zaɓe shi ya wakilce ta a musabaƙar karatun Alƙur'ani da za a yi a Kura. Sau biyu a baya ana zaɓarsa yana janyewa saboda cikin nan, kuma malaminsu ya gaya masa wannan ce shekararsa ta ƙarshe, domin akwai na baya da suke jiran layi. Wata uku yana tilawa, ni nake riƙe masa Alƙur'ani ina duba inda ya yi tuntuɓe, da wuya in samu ko ɗaya.

Da safen ranar na shiga madafa na tarar da kwano biyu na waina a jere, Inna ta fita shanya. Nan dabarar ta zo mini, kuma wallahi a lokacin gani nake taimako ne. Na ce bari ya ci mai fulawa bai sani ba, ya je ya ciyo gasar, da yamma a gaban kowa in miƙe in sanar da cewa Sarkin Hanji ya warke, ni ne likitan. Har na tsara yadda zan kwaikwayi fuskarsa. Na sauya murfin. Ya sha ƙwayarsa, ya zauna yana ci yana motsa baki da karatu, har ya ce wa Inna wainar yau ta yi laushi, Allah ya yi albarka. Guda bakwai ya ci. Ni na ƙirga, ina danne dariya.

Mun tafi Kura a adaidaita, ni da shi da Baba. Wajen ƙarfe sha ɗaya, muna zaune a ɗakin makarantar da ake gasar, na lura yana dafe da gefen ciki, gumi na tsattsafo masa duk da fankar da ke kansa. Na ce wa kaina fargaba ce. Da aka kira shi ya hau kujera, alƙali ya ja masa farkon aya, ya ɗauka, ɗakin ya yi tsit. Tambayar farko ya wuce ta kamar ruwa a kanal. A ta biyu muryarsa ta fara rawa. Ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Ba mantuwa ba ce, na san wurin, ya karanta mini shi ya fi sau ashirin. Sai ya matso da bakinsa kusa da lasifika ya ce, "A gafarce ni." Ya sauka, ya ratsa tsakiyar mutane a sunkuye ya fita. An jira shi, an sake kiran sunansa sau biyu, sannan aka kira na gaba. Kusan awa guda ya yi a banɗakin makarantar, ni ina tsaye a waje riƙe da buta da hularsa.

Kwana uku ban ce komai ba, kuma waɗannan kwanakin su suka fi damuna yanzu. Yaya ya koma sahun baya. Ya ce wa Baba maganin ya daina aiki, ba amfanin komawa asibiti, haka Allah ya yi shi. Inna kuwa kanta ta ɗora wa laifi, ta ce wataƙila ludayi ɗaya ta yi amfani da shi, ta dinga goge tanda tana share hawaye da gefen zane. A rana ta uku na ga ta ɗauki kwanon mai jan murfi tana jujjuya shi kamar zai ba ta amsa, sai na kasa jurewa. Na faɗi abin da na yi, a tsakar gida, kowa na nan. Karon farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Na zaci mari zan sha. Yaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Auta, da gaske fulawa na ci?" Na ce e. Ya sauke numfashi ya ce, "To alhamdu lillahi, ashe ba jikina ne ya ci amanata ba." Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba bai dake ni ba. Cewa ya yi wata guda abin da Yaya ya ci shi zan ci. A nan na gane alkama ta kewaye duniya. Wajen biki alkaki, wajen suna funkaso, bakin tasha gurasa da ƙuli tana kirana da sunana. Kullum sai ka tambayi mai abinci me ta zuba, tana harararka, abokai suna cewa kana yanga. Ni wata ɗaya na yi kuma cikina lafiya lau, shi kuwa rayuwarsa ke nan. Da suka koma asibiti likita ya ce fargabar gasa ma tana iya tayar da ciwon, amma an haɗa masa biyu a rana ɗaya. Na so in fake da maganar fargabar, sai dai na san wanda ya kawo ta biyun.

Ina roƙon masu karatu, musamman irina masu neman abin dariya, in wani a gidanku ya ce abinci kaza yana cutar da shi, ku yarda da shi. Ciwon da ba a gani ba ƙarya ba ne, kuma mai shi ya sha kunyar da ba zai iya faɗa muku ba. Kada ku gwada shi a ɓoye, gwaji aikinsa ne shi da likitansa.

Yaya ya koma kan maganinsa, ya dawo sahun gaba bayan wata biyu. A shekarar da ta biyo wani aka tura musabaƙar, shi bai sake shiga ba, yanzu yara yake koyarwa a islamiyyar ƙauyenmu. Ya ce ya yafe mini, kuma na yarda. Amma an daina amfani da jan murfi a gidanmu. Da kansa yake tsayawa a bakin tanda, a zuba masa a hannu.