Baƙon da Yaya Sanusi ya kwantar

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau aikinsa nake yi. Ba sana'ar da ya koya mini nake nufi ba, wannan kam na gode masa. Ina nufin nasa na kansa, wanda ya ajiye da la'asar ɗin wata Talata da niyyar ya dawo ya ƙarasa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Amma tun da waiwaye ake yi, bari in faɗi gaskiya: Yaya ya tafi ya bar ni da jidali.

Mutanen Jibiya sun san shi da mai gyara wa ejan-ejan masu fito da kaya a bakin iyaka kwamfuta. Da wannan yake cin abinci. Aikin da ya ɗauke masa rai kuwa, ba kowa ya san da shi ba. Kowace kwamfuta tana da wata manhaja can ƙasa da ido ba ya gani, ita ke raba wa sauran aiki da wuri, masu sana'ar na ce mata kenel. Akwai wata ta kyauta da mutane daga ƙasashe barkatai ke haɗuwa suna rubutawa, kowa da ɓangaren da yake riƙo. In ɓangarenka ya lalace, kai za a nema, ko kana jinya ko kana biki. Yaya yana cikin masu riƙon ɓangaren da ke ba kwamfuta damar saukar da wata kwamfutar a cikinta. Ta waje ana ce mata mai masauki, ta ciki baƙo. Baƙon zato yake shi kaɗai ne a gidan. Ana iya kwantar da shi yana tsakiyar aiki, a tashe shi bayan shekara, ya ci gaba daga inda ya tsaya bai san an yi komai ba. Wannan kwantarwa da tashin, Yaya ne ya rubuta hanyarta ta farko, ni kuma na shigo a matsayin mai taya shi.

Lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, bai fasa ba. Sai ya hau babur ya nufi Magama, ya tsaya inda rezo, wato sabis ɗin wayar Nijar, ke kamawa, ya tura aikinsa da layin Maraɗi, ya dawo. A ɗaya daga cikin waɗannan dawowar mota ta ture shi. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Bayan sadakar arba'in na shiga ɗakinsa don in kwashe ayyukan da ya bari. Na tarar da wani baƙo a kwance cikin kwamfutarsa, wanda yake gwaji da shi, na tashe shi. Allon ya kawo komai yadda ya bar shi: layin da ya rubuta rabi, ɗan tsinken nan mai ƙiftawa yana jiran harafi na gaba, kibiyar linzami a inda hannunsa ya sake ta, agogon kusurwa yana ci gaba da ƙirga la'asar ɗin ranar. Ban san Inna na tsaye a bayana ba.

Sai na ɗan yi bayanin Inna. Sanusi ɗanta ne na fari, kuma ita irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "yaron ga" take cewa. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ranar da aka kawo gawarsa, ita ta riƙa ba masu kuka haƙuri, idonta a bushe. Har haushinta na ji a ranar, Allah Ya yafe mini.

Ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce mata yadda ya bar aikinsa ke nan kafin ya fita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Can ciki har yanzu Talata ce?"

Na ce eh.

Washegari da la'asar ta shigo da tabarma da carbi, wai ɗakin ya fi nata iska. Tun daga ranar ba ta fasa ba. Ba ta taɓa cewa in kunna mata ba, sai dai ta ce, "Dije, halan abin naku ya lalace?" Sai in tashi in tayar da baƙon. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta san abin da layin ke faɗi ba. Tana zaune tana jan carbi tana kallon abin da ba ta yarda ta kalla ba yana raye. In an kira magariba sai in rufe, in mayar da shi kan kwafin asali, don gobe ma ya tashi a wannan la'asar ɗin. Sau ɗaya hannuna ya taɓa linzamin kwamfutar, kibiyar ta gusa, Inna ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani ba tun ina yarinya.

To ga inda matsalar take. Duniyar kenel ba ta tsayawa don wani ya mutu. An daɗe da fito da sabuwar hanyar kwantar da baƙo, ta fi ta Yaya sauri, ta fi ta tsabta, ni da kaina na sa hannu a cikinta. Kowa ya koma can. Amma baƙon da aka kwantar da tsohuwar hanya, ita kaɗai ke iya tashinsa. Ana iya kwashe fayilolinsa, ana iya kunna shi sabo, sai dai la'asar ɗin ta tafi ke nan. Duk bayan 'yan watanni ana fitar da sabon zubi na kenel, kuma kusan kowane zubi sai wani ya gyara nasa ɓangaren ya taka na Yaya ya karye. Ni ce mai ɗori. Mutanen da ke da aiki na gaske suna jira in gama lallaɓa tsohon abu kafin nasu ya wuce, suna yi mini ladabi a imel, ni kuwa na san abin da suke faɗi a ransu, don da ni ce su da na faɗa a fili.

Kada 'yan sana'a su rubuto suna ba ni shawarar in bar injin a kan tsohon zubi in huta. Na yi. Injin Yaya ya ƙone a wata damina, wanda na saya a madadinsa kuwa tsohon zubi bai san shi ba, ko tashi ba ya yi. Na gwada riƙe gyaran ni kaɗai a gefe, ya fi ƙarfina, don abin da aka cire daga cikin gida ba mai waiwayarsa in zai rushe bango. Na gwada ɗaukar hoton allon in nuna mata. Ta kalla sau ɗaya ta ce abin ga ba ya ƙiftawa, ta naɗe tabarmarta.

Maigidana yana aiki a Kaduna, yaranmu na wurinsa saboda makaranta. Da za su koma bayan zaman makoki, cewa na yi su yi gaba ina tafe bayan takabar matar Yaya. Matar Yaya ta gama takaba, ta koma Maraɗi, ta yi wani auren har ta haihu, ni ina nan. Ina zuwa Kaduna in yi kwanaki in juyo, ina ƙirga shingayen hanya ina addu'a, raina na wurin tsohuwar da ke zaune gaban allo a rufe. Ba ta yarda kowa ya taɓa injin sai ni, kuma ta ce ƙafarta ba za ta bar Jibiya ba. Maigidan nawa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kwanan baya dai ya gaya mini, cikin sanyin murya, cewa ƙaramar 'yarmu ta daina tambayar yaushe zan dawo. Wannan ya fi mini faɗa ciwo.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya leƙo yau. Zai ga iyakar da aka rufe aka buɗe, aka sake rufewa, manyan motoci sun yi layi har direbobi sun san masu abincin garin da suna. Zai ga ejan-ejan da yawa da yake yi wa gyara sun watse. Wannan duk zai girgiza kai ya wuce. Abin da ba zai yafe ba shi ne nawa. Mutum ne da ba abin da ke faranta masa rai kamar goge tsohon rubutu, ranar da ya cire fiye da abin da ya ƙara har tsire yake sayo mana. Da yana nan, wallahi shi zai fara goge hanyar nan tasa, ya kuma yi mini tsiya wata guda, ya ce Dije ta mayar da kenel ɗakin ajiyar tarkace. Ya yi gaskiya, kuma ba shi ne ke ganin Inna da la'asar ba.

A wannan aiki akwai al'ada mai kyau. Ba a cire abu sai an yi cigiya: akwai wanda ke amfani da wannan har yanzu? In an ji shiru, a cire. In mutum ɗaya ya ɗaga hannu, kuma akwai mai riƙo, a bari. A bana dattijon da ke sama da mu a ɓangaren ya sake yin cigiyar a kan tsohuwar hanyar Yaya, ya kuma rubuto mini ni kaɗai cewa ya san abin ɗan'uwana ne, amma ba wanda zai ga laifina in na sake shi. Na karanta na ji kamar an buɗe mini taga. Na ce wannan karon ba zan amsa a madadin kowa ba, mai amfani da abu ita za ta faɗa da bakinta.

Na same ta a kan tabarmar. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da maganar yara. Na ce, "Inna, in kina so a bar shi, ki ce kina so, shi ke nan."

Ta ci gaba da jan carbinta. Na san abin da na nema ya fi ƙarfinta, matar da ta shekara arba'in ba ta furta sunansa ba. Na kuma san a kan wannan na dogara.

"Mi ya dame ni da kayan yaron ga?" in ji ta. "Ki kashe abinki, ki tahi wurin ɗiyanki."

Har na yunƙura zan tashi. Sai ta ƙara, idonta na kan allon, "Ki dai bari sai an fitar da ni daga gidan ga. Ba zan daɗe miki ba."

A ranar na amsa cigiyar. Na rubuta cewa akwai mai amfani da shi, mutum ɗaya, kuma ni zan ci gaba da riƙo.

Masu rubuta irin wannan shafi kan rufe da abin da mamaci ya bari. Yaya ya bar ɗalibai, ya bar sunan kirki, ya bar aiki a cikin injinan mutanen da ba su taɓa jin sunan Jibiya ba, ko da yake ana ta maye gurbinsa, kuma haka ya so. Ni abin da ya bar mini shi ne wannan: kullum in na idar da salla ina roƙa wa Inna tsawon rai, da zuciya ɗaya nake roƙo. In kuma kewar yarana ta taso na ji ina cewa yaushe zan huta, sai in tuna ranar da hutun zai zo, in kama istigfari.