Sunan da Asiya Ta Ƙi Faɗa

Shekara ashirin da uku Malama Lubabatu ta yi tana rubuta takardun haihuwa a buron magajin gari na Cadawa, wato ofishinsa, a teburi ɗaya mai ɗingishi. Tana da faɗa, wannan kowa ya shaida. Ka zo mata da shekarun ƙarya, ta leƙo ka ta saman tabarau sai ka ji kunyar kanka. Amma ba ta taɓa bari talaka ya koma gida hannu rabbana ba.

Ranar da aka fi tuna ta da ita, alƙali ne ya zo daga Agiye, kwana ɗaya tak, don ba da takarda ga waɗanda ba a rubuta haihuwarsu ba. Cikin layin akwai Asiya, Bafulatana daga ruga, da 'yarta Saliha. Saura kwana uku a rufe karɓar sunayen masu jarrabawar gama kwaleji, kuma ba takarda, ba jarrabawa. Uban yana can arewa da shanu.

Alƙali ya ce wa Asiya, "Ke ce uwarta? Yaya sunanta?"

Asiya ta sunkuyar da kai. Ya maimaita, shiru. Sau uku! Saliha ta fara hawaye. Alƙali ya ture takardar gefe ya ce uwar da ba ta san sunan 'yarta ba, ai da walakin.

Ran Lubabatu ya ɓaci, ta miƙe. "Ranka ya daɗe, a ba ni minti ɗaya." Ta juya ga Asiya. "'Yar'uwa, 'ya'yanki nawa?"

"Shida."

"Faɗo su daga auta."

Asiya ta jero biyar tiryan-tiryan, har da daminar da aka haifi kowanne. Da ta iso kan ta shida sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Lubabatu ta ce, "To ka gani, ranka ya daɗe. 'Yar fari ce. A ruga ko wuƙa aka sa wa uwa a wuya ba ta kama sunan ɗan fari. Da 'yar aro ta kawo, wallahi da tun daga ƙofa take rangaɗa sunan."

Layin ya ɗauki shewa. Alƙali ya yi dariya, ya kira shaidu biyu daga rugar suka faɗi sunan, ya sa hannu. Lubabatu ta buga hatimi da ƙarfi har teburin ya girgiza. Saliha ta zauna jarrabawa, ta kuma ci.

Amma a ranar da alƙalin ya zo, bayan layi ya watse, Asiya ta dawo da takardar a naɗe cikin zane. Ba ta iya karatu ba. Ta ce a hankali, "Malama, nuna mini inda yake."

Lubabatu ta nuna mata. Asiya ta ɗora yatsa a kan sunan, ta daɗe ba ta ɗauke ba.